Gudawar Yaro, Ciwon Babba: Magana ga Hausawan Malanville

A garin Malanville akwai cututtuka biyu da muka saba da su har mun daina ba su matsayin cuta. Ta farko ita ce gudawar yara, wadda wasunmu ke kira zawo. Yaro zai kwana uku ko huɗu cikinsa na zuba, sai a ce haƙori ne zai fito, ko zafin rana ne, ko kuwa ya sha ciki ne saboda uwarsa ta samu juna biyu. Ta biyu ita ce ciwon cikin manya: ƙwannafi, kumburi, zafi a ƙahon zuci, murɗawa bayan cin abinci, duk mu haɗa su mu kira olsa ko basir. Da wuya mutum ya zauna a rumfar 'yan albasa ko a tashar manyan motoci bai ga wani ya kwance ƙullin kanwa ko ya ɓare ƙwaya ya haɗiye ba. Mun ɗauki ta farko sha'anin mata da goyo, ta biyu kuwa sha'anin shekaru da wahalar nema. Abin da muke son faɗa a yau shi ne, sau da yawa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Cikin da babba ke kuka da shi, tun yana rarrafe aka fara ɓata masa shi. Kuma tunda ƙwayoyin da ke wannan ɓarna ta ruwa da ƙasa da hannu suke yawo daga gida zuwa gida, gyaran abin ya fi ƙarfin ɗakin uwa ɗaya. Aikin unguwa ne, aikin zango ne.

Bari mu fara da abin da ke faruwa inda ido ba ya kaiwa. Bangon ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Yana shimfiɗe da wasu ƙananan yatsu masu ɗimbin yawa, kamar gashin darduma, su ne ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Wannan bango kuma shi ne katangar da ke hana ƙazantar hanji ratsawa cikin jiki. Idan ƙwayoyin bakteriya irin su Shigella mai kawo atini, ko Campylobacter da ake yawan samu a kashin kaji, ko wasu nau'o'in E. coli, suka riƙa shiga cikin yaro a kai a kai, sai yatsun nan su dakushe su gajarce, katangar ta yi rauni, hanji ya zauna cikin kumburin da ba ya lafawa. Yaro na ci, amma abin da yake ci ba ya kama jikinsa. Ƙarfin da ya kamata ya tafi ga ƙashi da ƙwaƙwalwa sai ya ƙare a faɗa da cuta. Masana suna kiran wannan yanayi lalacewar hanji ta dalilin muhalli, kuma abin tsoron shi ne yana kama har yaron da ba ya gudawa. Uwa za ta rantse ɗanta lafiya lau yake, illa dai ba ya tsawo kamar yadda ya kamata.

A nan yankinmu na Yammacin Afirka aka yi wani muhimmin ɓangare na binciken da ya tabbatar da haka. A ƙauyukan yankin Keneba na ƙasar Gambiya, masu bincike sun bi jarirai wata da watanni suna auna lafiyar hanjinsu da girmansu, kuma a 1991 suka bayyana cewa lalacewar bangon hanji ita ce ke da alhakin kimanin kashi 40 cikin ɗari na koma-bayan girman waɗannan yara. A 2013 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka gudanar a wurare bakwai na Afirka da Asiya, ciki har da Bamako ta Mali da Basse ta Gambiya. An gano cewa yaron da ya yi gudawa mai tsanani, ko da ya tashi, haɗarin mutuwarsa a cikin watanni biyu zuwa uku masu biyowa ya ninka na sa'ansa da bai yi ba fiye da sau takwas, kuma tsawonsa kan ja baya. Wani binciken da aka fara a 2009 a ƙasashe takwas, ciki har da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa yaran da ke ɗauke da Shigella ko Campylobacter a hanji, ko ba su nuna alamar ciwo ba, sun fi gajarta idan suka cika shekara biyu. Darasin a fili yake: ranar da cikin yaro ya tsaya, ranar muke murna mu manta, alhali a lokacin ne hanjin ya fi bukatar kulawa.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Jamhuriyar Benin tsakanin 2017 da 2018 ya nuna cewa kashi 32 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Kusan ɗaya ke nan cikin kowane uku. A tsallaken gulbi, a Nijar, adadin ya haura kashi 40. Yunwa na da babban kaso a wannan, amma ba ita kaɗai ba ce, domin tulun da ke yoyo ba ya cika komai yawan ɗiba. Tsumburewa kuwa ba ta tsaya ga gajarta ba. Yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara biyu da wuya ya maido duk abin da ya rasa. Yakan fi shan wahala a karatu, na allo ko na boko, ƙarfinsa na aiki kan gaza idan ya girma, yarinya kuwa takan fi fuskantar wahalar naƙuda da haihuwar jariri maras nauyi. Haka abin ke tsallakawa daga uwa zuwa ɗa, mu kuwa mu ce ai gadon gidansu ne, duk gajeru ne.

Yanzu mu zo kan olsa, wadda kowa ya yarda yunwa da barkono da tunani ne ke kawo ta. Haka likitocin duniya ma suka yi zato shekaru masu yawa, har zuwa 1982, lokacin da likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino wata ƙwayar bakteriya mai lanƙwasa daga tumbin marasa lafiya. An yi musu dariya, domin an ɗauka babu abin da zai rayu cikin ruwan tsamin tumbi. A 1984 Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura, ya nuna wa duniya. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori, kuma ita ce babbar musabbabin gyambon ciki. Yunwa da yaji suna tsokano zafin, amma ba su ne suka haƙa ramin ba. Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne lokacin da ake kamuwa da ita. Galibi tun ana yara ƙanana ne, a cikin gida, ta yawu da amai da hannun da bai wanku ba da ruwa maras tsafta. Idan ta shiga ba a kashe ta ba, zama take yi har tsufa.

Wani likita mai suna Chris Holcombe da abokan aikinsa, da suka yi aiki a Maiduguri, sun auna jinin jama'a a arewacin Najeriya, suka bayyana a 1992 cewa kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna da alamar wannan ƙwaya, mafi yawansu tun suna yara. Ƙididdigar da aka haɗa daga ƙasashe da dama a 2017 ta sa Afirka a kan gaba a duniya, da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Ba duk mai ɗauke da ita ke rashin lafiya ba. Akasari ma ba su san tana nan ba. Amma kusan ɗaya cikin goma kan kamu da gyambo, wasu ta jawo musu ƙarancin jini, 'yan kaɗan kuma ta kai su ga dajin tumbi, abin da ya sa tun 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Labari mai daɗi shi ne tana da magani: nau'i biyu ko fiye na magungunan kashe bakteriya, haɗe da mai rage tsamin tumbi, na kwana 10 zuwa 14, bisa umarnin likita. Mutumin da ya shekara ashirin yana shan kanwa da madara, wataƙila sati biyu ne tsakaninsa da sauƙi.

Akwai kuma wani ciwon da ba gyambo ba, ba a kuma ganin komai idan an duba, amma mai shi ba ya da sukuni: yau gudawa, gobe taurin bahaya, kullum kumburi da murɗa. Likitoci na kiransa ciwon hanji mai saurin harzuƙa. A 1994, a birnin Bolonya na Italiya, abincin makaranta da ya gurɓata da ƙwayar Salmonella ya kwantar da mutane sama da 1,800, kusan dukansu yara. Sun warke, an manta. Bayan shekara 16 likitoci suka nemo su, suka tarar cewa waɗanda cutar ta kama suna yara sun fi sa'o'insu fama da wannan ciwo na hanji a girmansu. A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayun 2000, ruwan famfo ya gurɓata da kashin shanu bayan ruwan sama mai yawa. Mutum bakwai suka mutu, sama da 2,300 suka kwanta, kuma shekaru bayan haka da yawa daga cikinsu, manya da yara, suna ta fama da ciki. Wannan fa kamu ɗaya ne, a ƙasashen da ke da asibiti a kowane lungu. To ina ga yaron da ke kamuwa sau da yawa kowace shekara tun kafin a yaye shi? Mai irin wannan ciki ba ya jin daɗin barci, ba ya sakewa a tafiya, azumi na yi masa nauyi, fushi da damuwa ba sa nisa da shi, domin hanji da ƙwaƙwalwa jijiya ta haɗa su, abin da ya taɓa ɗaya yana taɓa ɗaya.

Kada mu manta da taifot, wadda ita ma wata 'yar'uwar Salmonella ce ke kawo ta. Idan aka yi sakaci da ita takan huda hanjin yaro, kuma wannan na daga cikin tiyatar gaggawa da likitocin yankinmu suka fi sabawa da ita. Wasu daga cikin waɗanda suka warke kuma ƙwayar kan laɓe musu a matsarmama, su ci gaba da yaɗa ta ba su sani ba, musamman idan masu dafa abinci ne.

Me ya sa wannan magana ta fi kama Malanville? Kafin Turawan Faransa su laƙaba wa garin sunan gwamnansu Henri Malan, Tassi ake kiran wurin, wato rairayi a bakin Dandawa da Zabarmawa. Gari ne a kan rairayi, a bakin kogin Kwara, kusa da inda Sota ke zubowa. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya nisa, ƙazanta kuma ba ta wahalar ratsawa, don haka masai da rijiya idan sun yi maƙwabtaka sai sun gaisa a ƙarƙashin ƙasa. Ga kuma ambaliya. A 2010 ruwa ya shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na ƙasar nan, mutane kusan dubu 680, kuma Malanville da Karimama na cikin inda abin ya yi tsanani. A 2020 gulbi ya sake tumbatsa. Duk lokacin da ruwa ya shigo gari, yakan kwashe abin da ke cikin masai da juji da turken dabbobi ya raba wa rijiyoyi da tsakar gidaje. Ruwan kan janye cikin makonni, amma abin da ya bari a hanjin yara ba ya janyewa da shi.

Sannan garinmu mashiga ce. Ƙidayar 2013 ta ba ƙaramar hukumar mutane sama da dubu 160, amma kasuwarta, wadda ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, tana tara baƙi daga Gaya da Dosso da Kamba da Kandi da Parakou. Da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, mun ga ɗaruruwan manyan motoci sun yi layi, direbobi da yaransu suna kwana a gindin mota, fasinjoji kuma suka koma bakin ruwa neman kwale-kwale. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah yana ci, yana sha, yana kuma bukatar inda zai kewaya. Ƙwayar cuta ba ta nuna takarda a kan iyaka. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum dubu ɗari a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, ta kuma shiga jihohin Nijar har da Dosso. Kwalara ita ce mai ƙara, shi ya sa kowa ke tsoronta. 'Yan'uwanta marasa ƙara hanya ɗaya suke bi, kuma su ba sa jiran shekarar annoba.

A wannan hali akwai al'adu uku da muke ganin lokaci ya yi da za mu sake duba su. Ta farko ita ce ɗora wa haƙori laifi. Fitowar haƙori kan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo gudawa mai zuba. Abin da ke faruwa shi ne lokutan sun zo tare: a wata shida zuwa shekara yaro ke fara rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, a lokacin ake fara ba shi koko da kunun da ya kwana, a lokacin kuma kariyar da ya gado daga jinin uwa ke raguwa. Haƙori shaida ne kawai da aka kama a wurin da aka yi ɓarna. Haka nan faɗawar maɗiga: ba ciwon kai ba ne da za a shafa wa magani a ka, alama ce cewa ruwan jikin jariri ya ƙare, kuma gaggawa ake bukata. Duk yaron da aka ga jini a kashinsa, ko idanunsa sun zurma, ko ya kasa shan nono, ko jikinsa ya saki, ko gudawar ta kai sati biyu, asibiti ne wurinsa a ranar, ba sai an jira maigida ya dawo daga kasuwa ba.

Ta biyu ita ce hana mai gudawa ci da sha don wai ciki ya huta. Hanji da abinci yake gyara kansa. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da magani mai sauƙi: ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, tare da ƙwayar zinki kullum har kwana 10 zuwa 14; a ƙa'idar wancan lokaci miligiram 20 ga wanda ya wuce wata shida, 10 ga wanda bai kai ba. A nan Benin ana samun su haɗe da sunan Orasel-Zinc. Idan babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina zinki da zarar ciki ya tsaya, alhali ragowar kwanakin ne ke taimaka wa bangon hanji ya farfaɗo, su kuma rage yiwuwar sake kamuwa a watanni masu zuwa. A ci gaba da ba da nono, a kuma ƙara wa yaro ci ɗaya a kan na kullum har sati biyu bayan ya warke. Kifi da wake da ƙwai da gyaɗa da zogale duk suna kasuwarmu. Jariri kuwa, dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinsa na fari, kuma nono zalla har wata shida, ba ruwa ba dauri, shi ne katangar da ta fi kowace tsare hanjinsa.

Ta uku ita ce kafso na tebur. Yaro ya fara zawo, a aika a sayo ƙwaya biyu, a ɓare a zuba a koko. Yawancin gudawar ruwa ba ta bukatar maganin kashe bakteriya ko kaɗan. Da yawanta ma ƙwayar bairos ce ke kawo ta, irin su rota, wadda aka shigar da rigakafinta cikin tsarin rigakafin yara a Benin a 2019. Hanjin ɗan'adam gari ne mai cike da ƙwayoyi masu amfani, waɗanda ke taya narkar da abinci da tarbiyyar garkuwar jiki, kuma a shekaru uku na farko garin ke kafuwa. Kafso na barkatai yana kashe na kirki, ya bar miyagun sun koyi dabarar tsira. Shi ya sa a ƙasashen Afirka da yawa Flagyl ya daina cin Helicobacter a wurin mafi yawan masu ita. Ga kuma jabu. A Kwatano aka yi kiran yaƙi da jabun magunguna a 2009, a 2017 kuma hukuma ta rushe kasuwar magani ta Adjégounlè, amma garin iyaka kullum yana da ƙofar baya.

Ba muna cewa maganin kashe bakteriya abin ƙi ba ne. A nan kusa da mu, a yankunan Boboye da Loga na jihar Dosso, aka yi wani ɓangare na gwajin da aka bayyana a 2018, inda aka riƙa ba yara maganin azitromaisin sau biyu a shekara, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar. Wannan ya nuna irin nauyin da bakteriya ke ɗora wa 'ya'yan wannan kwari. Amma masu binciken sun kuma ga ƙwayoyi masu bijire wa maganin sun ƙaru. Wuƙa ce mai kaifi, a hannun mahauci take da amfani.

Wani zai ce, ai kakanninmu ruwan gulbi suka sha, suka yi noma, suka yi fatauci har Gwanja. Gaskiya ne, amma waɗanda suka rayu muke gani. A tambayi tsofaffin mata nawa suka haifa, nawa suka raina, amsar za ta isa. Kuma su ba su zauna a cunkoson da muke ciki yau ba, gida ɗaya iyali biyar, masai ɗaya. Wani kuma zai ce, wannan duk talauci ne, a bar mu da wa'azin wanke hannu. Wannan mai magana yana da hujja fiye da yadda ya sani. A manyan gwaje-gwajen da aka yi a Kenya da Bangaladash da Zimbabuwe, waɗanda aka bayyana a 2018 da 2019, an gina wa gidaje masai, an ba su sabulu da wurin wanke hannu, amma tsawon yaran bai ƙaru ba. Masana da yawa sun fahimci dalilin haka: gida ɗaya ya tsaftace, amma yaro na wasa a lungun da kowa ke zubar da ƙazanta, kaji na yawo a inda yake rarrafe, ruwan da ake sayowa daga waje yake zuwa. Tsaftar gida wajibi ce, sai dai ba ta isa ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne muke ganin Hausawan Malanville suna da abin da za su bayar. Mu 'yan tsiraru ne a tsakanin Dandawa da Fulani da Zabarmawa da sauran maƙwabta, kuma sau da yawa bayanin lafiya da Faransanci ko Dandanci yake zuwa, sai ya wuce matanmu da ke cikin gida. Amma muna da gadon da ba kowa ke da shi ba. Tun zamanin da ayarin fatake ke ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu zuwa Salaga neman goro, Bahaushe ya san yadda ake kafa zango: a tanadi masauki, a haƙa rijiya, a naɗa mai kula da baƙi, a yi karo-karo idan wani ya shiga uku. Har yau muna da limamai da ake jin maganarsu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na mahauta, da adashin mata da ba ya saɓa rana. Al'ummar da ke iya tara kuɗin gina masallaci mai hasumiya da na ɗaurin auren marayu, tana iya tara na masai da famfo.

Don haka ga abin da muke kira a yi. Masu gidajen haya a cikinmu su ɗauki masai mai murfi a matsayin haƙƙin ɗan haya, su kuma nisanta shi da rijiya gwargwadon iko; ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne mita 30. Kwamitocin masallatai da makarantun allo su tanadi makewayi da sabulu, domin almajirin da ba shi da inda zai kewaya, a bayan katangar wani zai tsuguna, kuma buta ba sabulu tsarki take bayarwa, ba ta kashe ƙwayar cuta. Ƙungiyoyin kasuwa su zauna da ofishin magajin gari a kan makewayin jama'a a kasuwa da tasha da bakin ruwa, su nemi a faɗaɗa famfo zuwa unguwannin da har yanzu da 'yan garuwa suka dogara, su kuma bi maganar har ta tabbata. A cikin gida, a killace kaji da awaki nesa da inda jariri ke rarrafe, a shimfiɗa masa tabarma. Kashin yaro a zuba shi a masai, domin ya fi na babba yawan ƙwayar cuta, duk da muna raina shi. Randa ta samu murfi da moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita, ruwan da ake shakka kuma a tafasa ko a sa masa Aquatabs, musamman da damina da bayan ambaliya. A daina tauna wa jariri abinci. Matasanmu da suka yi karatun lafiya su naɗi wannan bayani da Hausa, a tura ta WhatsApp, a karanta a wuraren suna da biki, har ya isa kunnen kaka, domin a gidajenmu da yawa ita ce ke yanke hukunci a kan cikin jika.

Manyan da suka riga suka gaji ciwon kuma, ƙofa ba ta rufe ba. Wanda ya daɗe yana fama da ƙahon zuci ya je asibiti ya nemi a gwada shi a kan Helicobacter. Ana iya gano ta ta gwajin bahaya. In an ba shi magani ya shanye duka, ko ya ji sauƙi a kwana na uku. Ya kiyayi magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da asfirin da ake haɗiya kamar gyaɗa bayan dakon buhu ko doguwar tuƙi, domin su ma suna huda tumbi. Wanda ya ga baƙin bahaya kamar kwalta, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a ƙirji, kada ya kwana yana jiƙa saiwa. Basir suna ne da muka rufe cututtuka da yawa da shi, wasunsu kuwa ba sa jira.

Muna auna arzikin garin nan da buhunan shinkafa da albasa da yawan motocin da suka ƙetare. Akwai wani ma'aunin da ya fi waɗannan faɗin gaskiya, shi ne tsawon yaranmu ranar da suka cika shekara biyu. Daga ɗaukar ciki zuwa wannan rana kwana dubu ne, kuma abin da aka gina ko aka rushe a cikinsu shi mutum zai ɗauka zuwa makaranta, zuwa kasuwa, zuwa ɗakin aure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hanji ma haka. Damina mai zuwa gulbi zai sake cika kamar yadda ya saba. Kafin nan, kowace unguwa tana iya sanin gidaje nawa ne ba su da masai, rijiyoyi nawa ne ke kusa da rami, da kuma wa zai tsaya a kan gyaransu. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.